Shirun Malam Souley

Frau Ostermann ta ɗaga hannuwanta daga kan fiyano ta ce, "Noch einmal." Wannan ce maganar Jamusanci ta farko da Firdaoussi ta haddace shekara biyu da suka wuce, tun kafin ta iya gaisuwa. Ma'anarta a sake.

Firdaoussi ta sake rerawa. Ɗakin ƙarami ne, a hawa na huɗu na sashen kiɗa da waƙa na jami'ar, tagarsa na kallon bangon wani gini. Tsohuwar ta saurara da kai a sunkuye, ta kuma tsayawa a wuri guda.

"Kina barin ƙofa a buɗe," in ji ta. "Kalmar a rufe take, ke kuma kina ja mata wutsiya. Rufe ta."

"A Hausa kusan duk kalmominmu a buɗe suke ƙarewa."

"Madalla. Wannan ba Hausa ba ce. Noch einmal."

Duk mai karatun waƙa a jami'ar sai ya yi Jamusanci, domin da yawa daga cikin abin da zai rera da harshen aka rubuta shi. Firdaoussi ta shiga ajin ne da niyyar ta ci jarabawa ta wuce. Faransanci ta tsinta a gida, Turanci a titi da makaranta, Hausa kuma a bakin Gwaggo Habiba, yayar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta. Jamusanci ba harshen kowa ba ne a cikin mutanen da ta sani. Sai aka haɗa ta da wannan tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai, wadda ke tsallako ruwa daga unguwar St. George kowace safiya, ba a taɓa jin ta makara ba. Ita ke koya mata furuci, ita ke kaɗa mata fiyano. Ba ta yarda Firdaoussi ta rera ko layi ɗaya sai ta rubuta ma'anar kowace kalma da fensir a ƙarƙashinta, ta karanta baitin kamar tana yi wa mutum magana. Ranar Lahadin farko ta kowane wata takan kira ɗalibanta gida shan kofi da kek da ƙarfe uku. Zuwan Firdaoussi na farko ta isa uku da minti ashirin, tana ganin ta yi sauri, ta tarar an riga an yanka kek an raba. Wata rana kuma, mura ta toshe mata hanci, tsohuwar ta tambaye ta yaya take, ta ce lafiya lau. Frau Ostermann ta dube ta ta ce, "Me ya sa kike min ƙarya a kan ƙaramin abu?"

A hankali harshen ya shige ta. Ta fara jin daɗin yadda kalma ke tsayawa a inda aka ajiye ta, da yadda mutum zai ce a'a ba tare da an ƙullace shi ba. Ta san tsohuwar ta ba ta abin da ba ya cikin takardar albashinta, kuma tana gode mata.

Yanzu saura mako uku ta tsaya gaban jama'a. Ranar Asabar da ƙarfe uku, a wani ƙaramin zaure mai kujeru tamanin, za ta rera waƙoƙi bakwai na wani Bajamushe da ya daɗe da rasuwa, wanda ba kowa ya san shi ba. A jere ake rera su, kusan minti ashirin da biyar. Za a ɗauka da kyamara a ɗauka ɗaya, ba yankewa, a aika wa wata makaranta a kudancin Jamus da ke karɓar ɗalibai kaɗan lokacin hutun bazara. Tsakanin waƙa da waƙa ba a tafi, ba a motsi, ko tari in da hali a danne shi. Shirun yana cikin waƙar.

Da suka gama darasin, Frau Ostermann ta ɗauko wata takarda.

"Kujeru nawa zan ware wa danginki?"

"Ranar Asabar ce. Suna da aiki sosai."

"Ba abin da na tambaya ba kenan. Kin gayyace su? Ja ko nein, e ko a'a."

Firdaoussi ta dubi takalmanta. "Nein."

"Saboda me?"

Sai ta ba ta labarin. Shekarar da ta gama sakandare an yi taron waƙa a makarantarsu da ke Bronx, aka ba ta waƙa ita kaɗai. Tana tsakiyar baiti na biyu Gwaggo Habiba ta rangaɗa guɗa daga layin baya. Mahaifinta, Malam Souley, ya miƙe da babbar rigarsa, ya taka har kan dandamali, ya fara liƙa mata takardun dala a goshi, abokansa na biye da shi. Malamin kiɗa ya yi dariya har ya kasa kaɗawa.

Abin da ba ta faɗa wa tsohuwar ba shi ne, a ranar ba ta ji kunya ba. Daɗi ta ji, irin wanda ba ta sake jin kamarsa ba. Mutumin da ya shafe shekara guda yana cewa gidansu ba maroƙa ba ne, ɗiyarsa ba za ta tsaya tana buɗe baki gaban maza ba, shi ne ya hau gaban kowa ya nuna ya yarda. Kunyar daga baya ta zo, a jami'a, ba kuma wanda ya koya mata ita da baki. Kunnen kiɗan da ta samu a can ya zo da ita a haɗe. Wannan ne ke damun ta in tana cikin jirgin ƙasa za ta koma gida: ko ilimin da ya sa ta fara jin nauyin mahaifinta ya cancanci a gode masa gaba ɗaya.

"To ki faɗa masa dokar," in ji Frau Ostermann. "Ana faɗa wa mutane abu su ji."

"Ba zan iya ba."

"Shekararki ashirin da ɗaya."

"Ko hamsin ne. Ɗiya ba ta gaya wa ubanta yadda zai zauna a cikin mutane. In na ce masa kada ya tashi, kada ya yi kaza, abin da zai ji shi ne ina kunyar sa. In kuma ban gayyace shi ba, ya ji daga baya, wannan ya fi muni. Duk ta inda na bi sai na ɓata masa rai."

"Me kike so a yi?"

Firdaoussi ta daɗe da tunanin, sai dai ba ta taɓa zaton za ta furta ba. "A wurinmu in magana ta yi wa yaro nauyi, babba yake samu ya kai masa. Ke sa'arsa ce, ko ma kin girme shi. In ke kika je, gayyata ce daga malama, dokar kuma ta gidanku ce."

Tsohuwar ta cire tabarau. "Wato in je in faɗi abin da ke ranki, shi kuma ya yi kamar bai san daga gare ki ya fito ba."

"Haka ne."

"Zai sani?"

"Zai sani."

"To ina amfanin?"

"Ba daga bakina ya ji ba."

Frau Ostermann ta goge tabarau da gefen rigar sanyinta. Ta ce ba ta ga hikimar ba, kuma ba za ta ce ta gani ba. Amma shekara biyu tana sa yarinya ta murɗe leɓe don harshen wasu, ba laifi ita ma ta yi tafiyar awa ɗaya don al'adar wasu. Ta tambayi adireshi.

Darasin Alhamis rabinsa ya tafi a gaisuwa. Firdaoussi ta ce kada ta miƙa masa hannu, kada kuma ta fara da abin da ya kawo ta. Za ta tambayi wuni, da gajiya, da kasuwa, da iyali, da sanyi.

"Duk amsar ɗaya ce?"

"Lafiya lau."

"Ko da ba lafiya?"

"Musamman in ba lafiya."

Tsohuwar ta gwada "ina wuni" ta fito da ita a sandare kamar mai kiran suna a kotu. Firdaoussi ta danne dariya ta ce, "Noch einmal."

Teburin Malam Souley yana kan 125th Street, inda ya shekara goma sha tara yana sayar da turare da man kaɗe da sabulun salo da huluna. Mutumin Maraɗi ne, dogo, mai furfura a gemu. An yi alkawarin ƙarfe biyu na ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Frau Ostermann ta iso biyu saura minti goma ta tsaya a tsallaken titi tana duba agogo, sai da lokaci ya cika sannan ta ƙetaro. Firdaoussi ta gabatar da su ta ja gefe, wajen teburin Inusah, maƙwabcin mahaifinta ɗan Kumasi mai sayar da jakunkuna, inda za ta ji komai ba tare da an ce tana wurin ba.

Tsohuwar ta jero gaisuwar duka biyar a tsari, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Malam Souley ya amsa yana murmushi, ya ba ta kujerarsa, ya zuba mata shayi daga fulas. Sauran maganar da Turanci suka yi.

Ta ce ta zo gayyatar sa ne da kanta, domin ɗiyarsa ɗaliba ce da ba a samun irinta kowace shekara. Sannan ta yi bayanin waƙoƙin bakwai, da kyamarar, da makarantar Jamus. Ta ce a ƙasarsu, irin waɗannan waƙoƙi ba a tafa musu a tsakani, ba a tashi, ba a kai wa mai waƙa komai a hannu.

Malam Souley bai dubi inda Firdaoussi take ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Madam, in an ji daɗi fa? Da mi ake nunawa?"

"Da shiru. In mai waƙa ta gama, zauren ya ɗauke numfashi, ba wanda ya motsa, wannan ne yabo mafi girma. Iya tsawon shirun, iya girman yabon."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar ɗan kasuwar da aka gaya wa farashin sabon kaya. "Bon. Kowane gida da dokarsa. Mutum nawa zan iya kawowa?"

"Ko nawa."

Da za ta tafi ya naɗe mata kwalbar man kaɗe ya ce don yatsu, saboda sanyi. Ta buɗe jaka za ta biya, Firdaoussi ta girgiza mata kai daga nesa, ta rufe jakar.

A gida, a benensu da ke bayan Fordham Road, Malam Souley bai ta da maganar ba. Ya ci tuwonsa, ya saurari labarai a waya, ya tambaye ta ko ta kira kawunta na Maraɗi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiran ta, kuma ya ci gaba da kiran ta haka, sai dai ita tana auna kowane kira tana neman inda murya ta canza. Bayan kwana biyu Gwaggo Habiba ta tare ta a kicin.

"Ke, wace irin waƙa ce wannan da za a je a zauna kamar gidan makoki? Ubanki ya ce in na buɗe baki zai sa a mayar da ni Maraɗi a akwati."

"Gwaggo, ransa ya ɓaci ne?"

"Wa ya san ran Souley? Tun yana yaro in ya yi shiru ko uwarmu ba ta san abin da ke ciki ba. Miƙo min ludayin can."

Haka ta shafe makonnin. Da safe ajin nahawu, da rana fiyano, da yamma ta dawo ta zuba wa fuskar mahaifinta ido. Wani lokaci takan ce da kanta ta yi daidai, ta bi hanyar da shi kansa zai bi. Wani lokaci kuma takan ga wayo kawai ta yi, ta ari bakin tsohuwa ta faɗi abin da take tsoron faɗa, ta kira shi ladabi.

Ranar Asabar ta leƙa ta bayan labule uku saura kwata. Malam Souley ya rufe teburinsa a ranar da kasuwa ta fi ci, kuma ba shi kaɗai ba. Layuka biyar na gaba cike suke da manyan riguna da shadda da ɗaurin kallabi. Ta ga Inusah, ta ga masu shaguna daga Fordham, ta ga wani ma'aikacin ofishin jakadanci da matarsa, ta ga matan da ke yin kitso tare da Gwaggo. Sun kai arba'in. 'Yan ajinsu da malamai biyu suna can baya, ba su fi goma sha biyar ba. Ba wanda ya makara.

"Kin ce suna da aiki," in ji Frau Ostermann a bayanta.

Suka fita. 'Yan baya suka tafa na maraba, 'yan gaba ba su motsa ba. Firdaoussi ta tsaya a lanƙwasar fiyano, ta ja numfashi, ta fara.

Ta kai ƙarshen waƙar farko. Ta jira. Ba abin da ya biyo baya sai ƙarar na'urar ɗumama ɗaki. Ta ga Gwaggo Habiba ta cusa gefen mayafi a baki. Tsohuwar ta ɗora yatsu, suka shiga ta biyu. Daga ta uku Firdaoussi ta daina tsoro. Ba ta taɓa rera waƙa cikin shiru irin wannan ba, shirun mutanen da ba su san kalma ɗaya ta abin da take faɗa ba amma sun ba ta kunnuwansu gaba ɗaya. Ta ji kalmomin suna rufuwa a inda ya kamata, ta ji muryarta tana kaiwa bango tana dawowa. Ba tari, ba waya, ba kujerar da ta yi ƙara, har ta sauke sautin ƙarshe na ta bakwai.

Frau Ostermann ta bar hannuwanta a sama na ɗan lokaci, sannan ta sauke su a cinya. 'Yan baya suka fashe da tafi, wata ƙawarta ta miƙe tsaye. Mai kyamara ya ɗaga mata babban yatsa. An samu ɗauka mai tsabta.

Layuka biyar na gaba ba su tafa ba. Suna zaune hannuwa a kan gwiwa, fuskoki a ɗaure. Malam Souley ya juya ya yi wa 'yan baya wani kallo, ya dawo da kansa gaba. Tafin mutum goma sha biyar a bayan shirun mutum arba'in bai daɗe ba, ya yi rauni, ya mutu. Firdaoussi ta rusuna kamar yadda aka koya mata, ta ɗago, ta nemi idon mahaifinta. Ba murmushi a ciki. Ta fita, aka sake kiran su da ɗan tafin da ya rage, ta dawo, har yanzu suna nan kamar an dasa su.

A ɗakin baya ta zauna a kan akwatin kaya. Ta gane, a ganinta. Ta ce ya yi shiru, ga shiru ya ba ta, shi da duk mutanensa, a gaban malamanta, don ta san ya ji saƙon kuma ya san mai shi. Ta samu abin da za ta aika Jamus, ta kuma ji ba ta son ko kallon sa.

"Ba za ki zauna a nan ba," in ji Frau Ostermann. "Baƙinki suna jira."

Suna tsaye a farfajiyar zauren, har yanzu ba mai magana da ƙarfi. Malam Souley na tsakiya. Da ya hango ta sai fuskarsa ta buɗe gaba ɗaya.

"Uwata, yaya kika gani? Mun yi?"

Ta tsaya. "Baba?"

"Waɗancan yaran na baya ko ƙirga biyar ba su kai ba suka hau tafi. Na ce to, ba tarbiyya. Mu kuwa na gaya wa kowa tun a gida, wanda ya san ba zai iya ba ya yi zamansa. Inusah a kan hannuwansa ya zauna."

"Wallahi har sun mutu," in ji Inusah yana yarfe su.

"Malamarki ta ce iya tsawon shiru iya girman yabo. To ni ban rufe tebur na zo nan don ɗan wani ya fi ni yaba ɗiyata ba. Da ba a kunna fitilu ba da har yanzu muna ciki."

Sai yanzu Firdaoussi ta gane. Dariya da kuka suka taso mata tare, ta danne duka biyun. Mutumin ya ɗauki shiru kamar yadda ya san kyauta a bikin ɗiya: ba a bayarwa kaɗan, kuma ba a bari baƙo ya fi uba.

Yana tsaye yana jiran amsa, mutanensa na kewaye da shi. Abu mafi sauƙi shi ne ta ce sun yi daidai, kowa ya tafi gida da farin ciki. Amma akwai wani taron a kaka, akwai na gama jami'a, kuma duk lokacin zai zo da mutum arba'in su zauna a sandare, kowa a zauren ya san kuskuren sai shi. Za a riƙa yi masa murmushin da ake yi wa yaro. Ta ga wannan ma kunyar sa ce, an dai canza mata riga. Ta waiwaya wajen Frau Ostermann. Tsohuwar na tsaye da takardun kiɗa a ƙirji, ta dube ta, ba ta matso ba.

Firdaoussi ta matsa kusa da shi ta rusuna, ta yi ƙasa da murya yadda daga shi sai Gwaggo za su ji.

"Baba, ban taɓa samun masu saurare kamarku ba, Allah ya sani. Amma a ƙarshe ana tafi. Shirun na ɗan lokaci ne, in mai fiyano ta sauke hannu sai a tafa, har a miƙe in an so. Yaran can daidai suka yi."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa, sannan ya sauka. Ya dube ta, ya dubi ƙofar zauren. Ya ɗaga murya da Turanci.

"Madam, gaskiya ne?"

"Ja," in ji Frau Ostermann. "Rabi na faɗa maka. Laifina ne."

"A'a, ba naki ba ne."

"Ai na faɗa maka, Souley," in ji Gwaggo Habiba. "Na ce ba ƙasar da Allah ya yi da za a yi waƙa irin wannan a tashi kamar an binne mutum. Ka ce in rufe baki. Ga mayafina duk na tauna shi."

"Yaya Habi, ki bari mana."

"Ba zan bari ba. Ai na saba."

Wani daga cikin mazan ya tambayi me ya faru, Gwaggo ta juya ta ba su labari da ƙari, farfajiyar ta cika da dariya. Malam Souley ya shafa gemu, shi ma abin ya ci ƙarfinsa, kafaɗunsa suka fara rawa. Da dariyar ta lafa ya sa hannu ya ɗago Firdaoussi.

"Na so in tambaye ta sai yaushe ake daina shirun," in ji shi a hankali. "Amma baƙuwa ce, ta tako tun daga ƙetaren ruwa, ba a tsare baƙo da tambayoyi. Da ke kika zo da na tambaye ki har ƙarshe."

"Na ji nauyi ne, Baba."

"Na sani. Kin kyauta da kika aiko babba, haka aka koya miki. Amma wanga karatu naki ne, mu ba mu san shi ba. Gaba ke za ki gaya mini."

Ta gyaɗa kai.

Wani ma'aikaci ya zo ya ce a ba da wuri, akwai ɗalibin da zai shiga ƙarfe huɗu. Jama'a suka fara sauka. Matan suka kewaye Frau Ostermann, Gwaggo ta riƙe mata hannu tana gaya mata da Hausa cewa Lahadi mai zuwa da ƙarfe biyu akwai dambu a gida, kuma in ta ga dama ta zo a kan lokaci, ba za ta tarar da kowa ya shirya ba. Firdaoussi ta fassara. Tsohuwar ta tambayi ƙarfe nawa ake nufi in an ce ƙarfe biyu, aka ce mata huɗu, ta rubuta a ɗan littafinta.

A kan matakala Malam Souley ya rage tafiya har sauran suka yi gaba, ya jera da Firdaoussi.

"Waƙa ta biyar ɗin nan," ya ce. "Fuskarki ta canza. Mi take cewa?"

"Wata mata ce a ƙauye, ita kaɗai take zaune. Duk safiyar da ƙanƙara ta zuba sai ta tarar an share mata ƙofar gida har bakin hanya. Shekara da shekaru. Ba ta san ko wane ne ba. Waƙar godiya ce take yi masa."

"Ba ta taɓa tashi da asuba ta leƙa ba?"

"A'a. Ta ce tana jin ƙarar shebur ɗin, sai ta juya ta fuskanci bango."

Ya sauka taki biyu yana tunani.

"Ta kyauta," ya ce. "Da ta kunyata shi. To, ta shida fa?"